Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi bayan an ƙara mata kaya

Kwamfutar cinya, wadda a kasuwanninmu aka fi sani da ordinater, takan zo mana ne da shekarunta. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani a ofisoshin ƙungiyoyin manoma, da shagunan buga takardu, da hannun ɗalibai, gwanjo ne. Sun gama aiki a wani kamfani a Turai ko Amurka, sannan suka iso Maradi ko Damagaram ko Yamai. Domin su ɗauki aikin yau, akan ƙara musu kaya: a ƙara ram, a sauya diski, a ɗora sabon Windows. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ta fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai wata rana a danna maɓallin kunnawa, kwamfuta ta ƙi tashi. A irin wannan hali, maganin da aka fi saurin ambatawa shi ne formataj, wato goge diski baki ɗaya a sake ɗora Windows. Formataj yana tafiya da duk abin da ke ciki: littafin bashin ƙungiya, sunayen mambobi, lissafin taki da iri, hotunan iyali. Kuma a yawancin matsalolin da za a bayyana a nan, diskin lafiyarsa lau, laifin yana wani wuri dabam. Saboda haka, kafin a goge komai, ya kamata a san inda kwamfutar ta tsaya, a kuma tuna abin da aka sauya mata na ƙarshe.

Za mu ɗauki misali da ThinkPad T420, wadda kamfanin Lenovo ya fitar a shekarar 2011. Abin da ya shafe ta ya shafi takwarorinta na Dell da HP na wannan zamani, sai ɗan bambancin maɓallai da za a faɗa a wurinsa.

Yadda kwamfuta take tashi

Kwamfuta ba ta tashi a lokaci guda, hawa-hawa take yi. Da farko wuta ta shiga. Sannan wani ɗan tsari da ke zaune cikin babban allon ciki, mai suna biyos, ya duba kayan jikinta ɗaya bayan ɗaya. Idan ya same su daidai, sai ya nemi diskin da Windows yake ciki. Daga nan ne Windows yake karɓar ragama.

Kalmomi biyu suna bukatar bayani. Diski shi ne rumbun kwamfuta: abin da aka zuba a ciki yana nan ko an kashe wuta. Ram kuwa kamar tabarmar da ake baza hatsi ce a lokacin aiki: idan an tashi sai a naɗe ta, ba a barin komai a kanta. Kwamfutar da tabarmarta ta yage ba za ta iya aiki ba, amma hatsinta yana nan cikin rumbu. Wanda ya fahimci wannan ba zai yarda a goge masa diski saboda matsalar ram ba.

Ku kunna kwamfutar, ku sa ido da kunne. Shin ƴan fitilunta sun kama? Fanka ta juya? An ji ƙara? Wani rubutu ya fito? Amsoshin nan su ne suke nuna matakin da ta tsaya.

Babu haske, babu motsi

Idan ba a ga komai ba, ba a ji komai ba, to wuta ce ba ta shiga. A fara da abu mai arha. A gwada wani soket, a duba wayar caja ko ta karye a kusa da bakinta, domin a nan ta fi lalacewa. A karanta rubutun da ke bayan cajar. T420 tana son caja mai bolt 20, mai ƙarfin wat 65 ko 90. Na Dell na wannan zamani bolt 19.5 ne. Cajar Dell da ta HP masu zagayayyen baki suna kama da juna ƙwarai, har ɗaya tana shiga ramin ɗaya, amma akwai siririn tsinke a tsakiyar bakin da kwamfuta take gane cajarta da shi. Idan ba ta gane ta ba, tana iya ƙin cajin batir, ko ta yi aiki a hankali.

Bayan haka sai a cire caja, a cire batir, a danna maɓallin kunnawa a riƙe shi kamar daƙiƙa 30. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki. Sai a mayar da caja kaɗai, ban da batir, a kunna. Idan ta tashi, batir ne ya mutu, kuma kwamfutar tana iya aiki haka har a samu wani. Batirin da ya kumbura kada a mayar da shi, kada a huda shi, kada a ajiye shi a rana ko kusa da murhu, domin yana iya kamawa da wuta.

Idan an gwada caja mai kyau amma shiru, matsalar tana ramin caja ko babban allon ciki. Wannan aikin mai gyara ne.

Fanka tana juyawa, fuska baƙa ƙirin

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ne ƙarin kaya ya fi jawo matsala. Wuta ta shiga, fitilu sun kama, amma biyos ya ci karo da wani abu, ya tsaya tun kafin ya iya rubuta komai a fuska. Idan an taɓa ram kwanan nan, shi ne abin tuhuma na farko.

ThinkPad takan faɗi ciwonta da ƙara. Idan kun ji ƙara ɗaya, sannan uku, sannan uku, sannan ɗaya, to ram take nufi: ko bai zauna daidai ba, ko ya lalace, ko ramin da yake zaune ne ya samu matsala. Wasu kwamfutocin Dell da HP da ƙyaftawar fitila suke magana. A ƙirga ƙarar ko ƙyaftawar, a rubuta a takarda, domin za ta yi wa mai gyara amfani.

Ram ɗin kwamfutar cinya ɗan siririn allo ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsa manuni ba. Iri-iri ne. DDR2 yana da haƙora 200, DDR3 yana da 204, DDR4 yana da 260, kuma kowanne da inda tsagarsa take, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya sai da ƙarfi. Idan ya ƙi shiga, kada a matsa masa. T420 DDR3 take ɗauka.

Ruɗani ya fi yawa a cikin DDR3 ɗin kansa, domin kala biyu ne masu tsaga ɗaya. A duba ƴar takardar da ke manne a jikinsa. Wanda aka rubuta wa PC3 yana aiki da bolt 1.5. Wanda aka rubuta wa PC3L yana aiki da bolt 1.35, kuma yawanci yana jure 1.5 ɗin ma. Saboda haka PC3L yakan yi aiki a tsofaffin kwamfutoci irin T420. Amma kwamfutocin da suka fito daga 2013, masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na 4, PC3L suke bukata. Idan aka sa musu PC3, zai shiga ramin lafiya lau, amma sau da yawa fuska za ta zauna baƙa. Mai saye ya ga ya shiga, ya ɗauka ya dace. Shiga dabam, dacewa dabam.

Akwai kuma iyaka. Kowace kwamfuta tana da adadin da za ta iya ɗauka. T410 ta 2010 ba ta wuce giga 8, wato giga 4 a kowane rami. Ita wannan ma tana da zaɓe: takan karɓi allon giga 4 mai rubutun 2Rx8, amma takan ƙi mai rubutun 1Rx8, ko da yake dukansu giga 4 ne. T420 kuwa, Lenovo ya rubuta mata giga 8, amma tana aiki da 16.

Ga yadda ake gwaji. A cire caja da batir. A taɓa wani ƙarfe, kamar ƙofa ko ƙafar tebur, kafin a taɓa cikin kwamfuta. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, jiki yana tara ƴar wutar nan da takan yi tsartsatsi idan an taɓa mayafi. Mutum ba ya jin komai, amma tana iya kashe ram. Sai a buɗe murfin da ke ƙasan kwamfutar, a buɗa ƴan ƙarafan da ke riƙe da ram a gefe biyu, zai ɗago da kansa. A riƙe shi ta gefe, kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya. Idan sun yi dauɗa, a goge su a hankali da magogin fensir mai tsabta, a kakkaɓe. A mayar da shi a karkace, a tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan a danna ƙasa har a ji ƙas.

T420 tana da rami biyu: ɗaya a ƙarƙashin murfin ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin allon maɓallai. Mutane da yawa ba su san da na biyun ba. Ana kai gare shi ta kwance ƙusa daga ƙasa, a tura allon maɓallai gaba kaɗan a ɗaga, ana lura da siririyar wayar da ta haɗa shi da ciki. A gwada allo ɗaya a rami ɗaya, a kunna. Sannan a gwada shi a ɗayan ramin. Sannan a gwada ɗayan allon. Idan tsohon ram yana nan, a mayar da shi shi kaɗai. In ta tashi da shi, an gano mai laifi, sai a mayar wa mai shago da sabon. Shi ya sa bai kamata a bar wa mai shago tsohon kaya a ranar da aka yi sauyi ba. A riƙe shi ko da na wata ɗaya ne.

Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Wanda ya sauya ram da diski da caja a lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma wataƙila ya sayi abu biyu da ba ya bukata.

Wani lokaci kuma kwamfutar ta tashi sarai, fuskar ce kawai ta mutu. A haska tocila a jikin fuskar daga kusa. Idan ana ganin inuwar rubutu, hasken bayanta ne ya lalace. Ko kuma a haɗa ta da wata fuskar ta ramin nan mai ƴan huji 15 da ke gefe. Idan hoto ya fito a can, ciki lafiya yake.

Rubutu ya fito, sannan ta tsaya

Wannan ya fi sauƙi, domin kwamfutar ta faɗi damuwarta da bakinta. Rubutun da Turancin Ingilishi yake fitowa, amma a ThinkPad akwai lamba a gabansa, kuma lambar ta isa.

Lamba 0271 tana nufin agogo ya rikice. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda yake riƙe kwanan wata da tsare-tsaren biyos idan an kashe wuta. A ThinkPad an naɗe shi da roba rawaya, da ƴar waya a jikinsa. Kwamfutar 2011 ta daɗe da wuce shekarun da ake sa ran wannan batir zai yi. Idan ya mutu, kwamfuta takan manta kwanan wata, ta kuma manta yadda aka tsara ta. Sauya shi ba shi da tsada. Amma ga gargaɗi: wasu kamfanonin da suka yi amfani da waɗannan kwamfutoci sun sa wa biyos kalmar sirri ta shugaba, kuma aka sayar da su haka. Kwamfutar tana aiki, ba wanda ya lura. Ranar da aka cire ɗan batirin, sai ta nemi a gyara agogo, ta kuma ƙi bari a shiga sai da kalmar da ba wanda ya sani. Cire batir ba ya goge wannan kalma a ThinkPad. Don haka kafin a taɓa shi, a danna F1 lokacin kunnawa, a tabbata ana iya shiga biyos a sauya abu. Wannan gwaji ya kamata a yi shi tun a shago, kafin a biya kuɗin kwamfutar.

Lamba 1802 tana fitowa idan an sa katin wifi wanda Lenovo bai amince da shi ba. Tsofaffin ThinkPad suna da jerin katunan da suke karɓa. A cire sabon katin, za ta tashi.

Idan aka ga kalmomin Fan error, fanka ce ba ta juya ba, kwamfutar kuma ta ƙi ci gaba don kada ta ƙone. Ƙurar ƙasarmu ta isa ta toshe fanka, kuma zafin watan Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, ba ya yi wa na'ura sassauci. A hura ƙurar, ana riƙe da fankar da tsinke don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Kwamfutar da take tashi ta mutu bayan ƴan mintoci ita ma zafi ne ya fi damunta.

Lamba 2100 tana nufin biyos bai ga diski ba, wanda ya kai mu ga mataki na gaba.

Sabon diski da Windows

Tsohon diski yana da faranti mai juyawa a ciki. Sabon, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri, ya kuma fi jure jijjigar hanya. A ganina babu ƙarin da ya kai shi amfani ga tsohuwar kwamfuta. Amma yana zuwa da nasa tarko.

Na farko kauri ne. Ramin T420 an yi shi ne don diski mai kaurin milimita 9.5, alhali yawancin SSD milimita 7 ne. Idan ba a sa masa abin cike giɓi ba, yana iya zama a karkace, ko ya zame daga mahaɗinsa bayan tafiya a kan babur. A fito da shi, a mayar da kyau. Sannan a danna F12 lokacin kunnawa, jerin abubuwan da za a iya tashi da su zai fito. Idan sunan diskin yana ciki, an gan shi. A Dell, F2 ne yake shiga biyos, F12 ya kawo jerin. A HP, F10 da F9 ne. A kuma cire duk wani kile da aka soka a gefe, domin wani lokaci kwamfuta tana ƙoƙarin tashi da shi ne.

Na biyu tsari ne. Hanyoyi biyu ne ake ɗora Windows a diski: tsohuwar hanya, da biyos yake kira Legacy, da sabuwa mai suna UEFI. Idan an ɗora shi ta ɗaya, biyos kuma yana nema ta ɗayar, sai ya ce bai ga komai ba, alhali komai yana nan. T420 ta san hanyoyin biyu, ana zaɓa a cikin biyos. T410 tsohuwar kawai ta sani, don haka diskin da aka shirya a sabuwar kwamfuta ba zai tashe ta ba. Haka kuma akwai zaɓi tsakanin AHCI da Compatibility, wato yadda kwamfuta take magana da diski. Idan aka sauya shi bayan an ɗora Windows, sai alamar Windows ta fito, sannan fuska ta yi shuɗi, kwamfuta ta sake kunna kanta. A Windows 7 lambar da take fitowa tana ƙarewa da 7B. Maganin shi ne a mayar da zaɓin yadda yake a da.

Ku lura da yadda abubuwan suke haɗuwa. Ɗan batirin agogo ya mutu, biyos ya manta tsarinsa, Windows ya ƙi tashi, mai kwamfuta ya ɗauka diski ne ya lalace. Batir mai girman kwabo ya sa an goge aikin shekaru. Yana da kyau, tun kwamfuta tana lafiya, a ɗauki hoton kowane shafi na biyos da wayar salula a ajiye.

Sai batun Windows ɗin kansa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wanda ya fito a 2021, an yi shi ne don sababbin na'urori, masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama. T420 zubi na 2 ce. Masu gyara suna da dabarar tilasta shi ya hau, yakan kuma yi aiki, amma babu tabbacin abin da sabuntawa ta gaba za ta haifar. Fitowar 2024, mai lamba 24H2, ba ta tashi sam a kan ƙwaƙwalwar Core 2 Duo, irin wadda ke cikin T400 ta 2008. Ga mai irin wannan na'ura, Linux Mint ko Ubuntu sun fi dacewa. Kyauta ne, suna da Faransanci, kuma sun isa rubuta takarda da lissafi da shiga intanet.

Ceto kaya kafin gyara

Idan an bi duk wannan Windows bai tashi ba, to kafin a yi maganar formataj sai a kwashe abin da ke rumbu. Hanya biyu ce. Ana iya ɗora Linux a kile, a tashi kwamfutar da shi ta F12 ba tare da an taɓa diski ba, a buɗe takardu a kwafe su zuwa wani wuri. Ko kuma a fito da diskin, a sa shi a ɗan akwatin da ake haɗawa da wata kwamfuta ta ramin kile. Idan an kulle diskin da BitLocker, za a nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma ba a buɗe shi sai da ita.

Tsohon diski mai ƙara ƙas-ƙas a jere yana gab da mutuwa. Kowace kunnawa tana rage damar ceto. A kashe, a bar shi, a kwashe mafi muhimmanci tukuna: littattafan kuɗi kafin hotuna, hotuna kafin waƙoƙi da finafinai.

Idan tafiya wurin mai gyara ta kama, a je da caja, da tsohon kayan da aka cire, da takardar da aka rubuta lambar da ta fito ko yawan ƙarar da aka ji. A gaya masa abin da aka sauya na ƙarshe da ranar da aka sauya shi. A faɗa masa a gaban shaida cewa ba a yarda ya goge diski ba sai da izini. Idan matsalar ta wuta ce ko ta fuska, ba ya bukatar diskin ma: a cire shi, a naɗe a tsumma mai tsabta, a bar shi a gida.